Kada ka bari a shafa fenti sai ka duba da idonka

Wa alaikumus salam, Malam. Na karanta tambayarka sau biyu kafin na ce bari in sa baki, don kusan abin da ya same ni ke nan shekara uku da suka wuce. In na fahimce ka daidai, silin ɗin falonka ya yi tabon ruwa har ya ɗan lotsa, mariƙin ƙofa ya huda bangon allon jifsam da ya raba ɗakuna biyu, sannan ga wata tsaga da ta taso daga kusurwar ƙofa ta nufi sama. Ka kira mutum uku. Na farko ya ce yini ɗaya ya gama har da fenti, kuma kuɗinsa ya fi sauƙi. Na biyu ya ce kwana huɗu. Na uku ya ƙi yanke kuɗi, ya ce sai ya buɗe silin ya ga abin da ke ciki. Kana tambayar wa za ka ba.

Ni ba magini ba ne, mai gida ne kawai da ya biya kuɗin aiki ɗaya har sau biyu. A ganina ka fara da na ukun, ka ajiye lambar na biyun, na farkon kuwa ka yi masa godiya ka sallame shi. Ba don arahar ba, don yini ɗayan.

Ga abin da ya faru da ni. Tabon nawa a silin ɗin baranda ne ta ciki, daidai ƙarƙashin banɗakin sama. Wanda na fara ba aikin ya iso da safe da yaronsa, ya ɗaga kai ya dubi wurin, ya ce ƙaramin abu ne. Bai taɓa ba, bai tambaye ni me ke samansa ba. Kafin la'asar ya kankare, ya shafe, ya goge, ya yi fenti hawa biyu. Gaskiya wurin ya yi kyau, har na ƙara masa wani abu a kan jingarsa. Bayan kamar sati shida tabon ya dawo, ya ma fi na da faɗi, ga wani siririn layi ya tsage daidai inda ya yi facin. Na kira shi, ya ce zai zo gobe. Goben nan har yau ba ta yi ba.

Wanda na kira bayansa dattijo ne, ba shi da yawan magana. Ya hau tsani ya danna wurin da babban yatsa, sai yatsan ya shige kamar ana danna jiƙaƙƙen kwali. Ya sauko ya ce in kai shi banɗakin. Ya sa aka buɗe famfo, ya dawo ya yanke wani ɗan murabba'i a silin, ya zura tocila, ya ce in hau in gani. Mahaɗar bututun da ke fitar da ruwan wanka ce ke ɗiga, ɗigo ɗaya bayan ɗaya, a hankali. Da ya juya guntun da ya yanko, bayansa baƙi ƙirin da fumfuna, gabansa kuwa fari tas da sabon fentina. Kitso da ƙwarƙwata aka yi min. Ya ce in nemo mai gyaran famfo, in an gyara a bar ramin a buɗe iska ta shiga, shi zai dawo bayan sati. Raina bai so ba, don baƙi na tafe kuma ga rami a sama, amma aikin da ya yi daga baya har yanzu ban sake waiwayarsa ba.

Dalilin da ya sa ruwa ke yi wa wannan allo haka yana cikin yadda aka yi shi. Garin jifsam ne aka matse tsakanin takarda biyu masu kauri. Takardar ce ƙarfinsa. In ta jiƙa ta daɗe, cikin ya yi laushi, sukurun da ke riƙe da shi ya rasa abin kamawa, fumfuna kuma ta samu abinci, don cikin kwana ɗaya zuwa biyu tana iya fara tsirowa a jiƙaƙƙiyar takarda. Tabo kaɗai a allon da ya bushe kuma yake da tauri, ana iya rufe shi da fentin ƙasa, wato wanda ake fara shafawa kafin ainihin fentin, irin mai hana tabo fitowa. Amma tunda ka ce naka ya lotsa, wannan yanki sai an yanke an sa sabo, kuma a yanka har a kai inda allon ke da lafiya, a tsaya a kan ƙarfe ko katakon firam ɗin don sabon ya samu wurin ɗaurewa. Ruwa ba ya tsami banza. Ko rufi ne, ko bututu, ko ruwan na'urar sanyaya ɗaki, a gano a toshe kafin kowa ya kwaɓa komai. Shi ya sa na ukunka ya burge ni: wanda bai ga bayan allo ba, duk kuɗin da ya faɗa maka canki-canka ne, kuma ko dai ya dawo ya ce a ƙara, ko ya rufe abin da ya gani ya yi shiru.

Yanzu maganar yini ɗaya. Haɗin allo biyu ba a gama shi da shafa ɗaya. Ana shafa fila, wato ƙullun da ake toshe haɗi da shi, a manna tef a ciki, a bari ya bushe. A yi shafa ta biyu mai faɗi fiye da ta farko, a bari. A yi ta uku mai faɗi kuma siririya, a bari, sannan a goge da samfefa. Filar da ke zuwa a kwaɓe cikin bokiti iska ce ke busar da ita, kowace shafa tana son kamar awa 24, in akwai danshi ko sanyi ma ta wuce haka. Ka lissafa da kanka, za ka ga kwana huɗun mutuminka na biyu ba son jan aiki ba ne. Akwai kuma ta gari da ake kwaɓawa a wurin, wadda take daskarewa da kanta cikin minti 20 ko 45 ko 90, yawanci an rubuta a jikin buhun. Da ita gwani zai iya yin shafa biyu ko uku a yini guda, wannan gaskiya ne, kuma don ramin mariƙin ƙofa kaɗai ba zan yi musu ba. Sai dai daskarewa daban, bushewa daban. Tana iya yin tauri alhali cikinta da sauran ruwa, in aka ɗora fenti a haka sai ya kumbura ko ya yi dabbare-dabbare. To mutumin da ya ce zai yanke silin mai ruwa, ya gyara rami, ya gyara tsaga, ya yi fenti, duk kafin rana ta faɗi, akwai matakin da zai tsallake, kuma ba zai faɗa maka wanne ba.

Tef ɗin ma ka tambaya. Iri biyu ne: na takarda, da mai raga-raga na zaren gilashi wanda yake mannewa da kansa. Masu gaggawa sun fi son mai ragar don ba wuya. Ba laifi ba ne, amma da filar gari mai daskarewa ya kamata a yi masa shafar farko. In aka haɗa shi da ta bokiti, haɗin kan tsage. Dattijon nan da ya kankare tsohon facin abin da ya tarar ke nan. A kusurwa kuwa na takarda ya fi, don yana da layin naɗewa a tsakiyarsa. Wanda ya ce maka shi ba ya sa tef, fila kawai yake cusawa a haɗi, kada ka tsaya jin sauran bayaninsa.

Ramin mariƙin ƙofa shi ne mai sauƙi a cikin ukun, amma a nan za ka gane hannun mutum. In ramin ya kai faɗin tafin hannu, ba a cika shi da fila zalla, zai zurma. Ana gyara bakinsa ya zama murabba'i, a zura ɗan katako ta baya a ɗaure shi da sukuru ta gefe biyu, a yanko guntun allo mai kauri ɗaya da na bangon a ɗaure a kan katakon, sannan tef da shafa uku. Kaurin yana da muhimmanci: allunan sun bambanta, akwai milimita 9.5, akwai 12.5 wanda aka fi sa wa bango, akwai 15. In aka sa siriri a cikin mai kauri, sai an cika da fila mai yawa, ita kuma tana motsewa in ta bushe. Na taɓa ganin inda aka cusa tsohuwar jarida a rami aka shafe. Kuma in an gama ka sa abin tare ƙofa a ƙasa, in ba haka ba wata uku za ka sake kiran wani.

Tsagar kusurwar ƙofa ta fi buƙatar a tsaya a duba. Sau da yawa laifin wanda ya kafa bangon ne tun farko: ya sa haɗin allo biyu daidai kan kusurwar ƙofa, inda bango ya fi jijjiga duk lokacin da aka buga ƙofar. Ƙa'ida ita ce a yanko allon ya zagaye kusurwar, haɗin ya faɗa can tsakiyar saman ƙofa. Irin wannan tsagar miƙaƙƙiya ce, tana bin layin haɗi, kuma gyaranta shi ne a buɗe ta kaɗan da wuƙa, a ƙara sukuru a gefenta, a sa tef, a shafe. Shafa fila a kai kawai ba ya daɗewa. Amma in tsagar a karkace take, tana ƙara faɗi, ƙofar kuma ta fara cijewa wajen rufewa, wannan ba aikin mai shafe ba ne, ginin ne ke motsi, injiniya za ka nema. Ka ja layi da fensir a ƙarshen tsagar ka rubuta kwanan wata, bayan sati uku ka duba ko ta wuce layin.

Wajen zaɓen mutum, hoto a waya bai taɓa gamsar da ni ba. Kowane bango kyakkyawa ne a hoto, musamman ranar da aka gama shi. Ka ce ya haɗa ka da wanda ya yi wa aiki shekara ɗaya ko biyu da suka wuce, in da hali ka je ka gani. Tambayar da nake yi wa masu gidan ba ita ce ko aikin ya yi kyau ba. Ina tambaya ko wani abu ya taso daga baya, in ya taso ko mutumin ya dawo, kuma sau nawa aka kira shi kafin ya zo. Sannan ka tabbatar wanda kuka yi magana da shi shi ne zai riƙe wuƙar shafen. Da yawa ogan ne ke zuwa ciniki, ranar aiki sai ka ga yara biyu da ba ka taɓa gani ba, shi yana wani wurin. Yaro ya kwaɓa, ya ɗauko, ya goge, duk babu damuwa, amma shafar ƙarshe ta mai hannu ce. Kuma mai filastar siminti daban, mai allon jifsam daban, mai fenti daban. Akwai masu iya duka, amma kada ka ɗauka don mutum ya iya ɗaya ya iya sauran. In a inda kake doka ta tanadi lasisi ko inshora ga masu irin wannan aiki, ka nemi ganin takardar, kada ka ji nauyi.

Kuɗin mutum uku ba sa kwatantuwa sai ka san abin da ke cikin kowanne. Ka sa kowa ya rubuta, ko a saƙon waya ne: faɗin wurin da zai yanke, irin allon da kaurinsa, shafa nawa, ko fentin ƙasa yana ciki, ko zai yi wa bangon fenti gaba ɗaya ko wurin facin kawai, wa zai sayo kaya, wa zai kwashe shara. Za ka sha mamakin yadda mai arahar yake komawa mai tsada in an zo nan. Batun fentin nan ka kula da shi sosai. Fentin da ya shekara a bango ya riga ya sauya launi, ko da gwangwani ɗaya ne ka ajiye ragowarsa. In aka shafa wa facin kaɗai, zai fito kamar tambari. Gara a yi bangon daga kusurwa zuwa kusurwa, silin kuma gaba ɗayansa. Na ukun naka, ka ce masa ya faɗi kuɗin buɗewa da dubawa daban, bayan ya gani ya rubuta na gyaran; in bai yi maka ba kana da damar kai wa na biyun, ka riga ka san abin da ke ciki.

A Amurka masu wannan sana'a sun kasa gamawar bango mataki-mataki daga 0 zuwa 5, kuma ko ba a amfani da lambobin a wurinku, sanin bambancin yana taimakawa wajen ciniki. Mataki na 4 shi ne na yawancin ɗakuna: tef, shafa uku a haɗi da kan sukuru, gogewa. Na 5 shi ne a ƙara wata siririyar shafa a fuskar bangon duka, don takarda da fila su zama abu ɗaya. Ba kowane ɗaki ke buƙatarsa ba. Amma in fenti mai sheƙi za ka sa, ko bangon yana gefen babbar taga da haske ke kwanciya a kansa, in ba a yi ba duk haɗin zai bayyana da yamma.

Biyan kuɗi kuwa, kafin alƙalami na sayen kaya ba laifi, amma ni ba na wuce kashi ɗaya cikin uku, sauran a raba: wani in an kafa allo an sa tef, wani in an gama shafe na duba, na ƙarshe bayan fenti ya bushe an share wuri. In kai za ka sayo kayan, ka tafi da shi ko ya rubuta maka sunan abin daidai, don kada gobe aiki ya lalace ya ce kayanka ne. In shi zai sayo, ka ga buhunan da allunan kafin a buɗe. Allon da ake sa wa wuri mai danshi yawanci takardarsa kore ce, kuma ko shi jure danshi yake yi, ba a yi shi don ruwa ya riƙa zuba a kansa ba. Cikin wurin wanka allon siminti ake sawa a bayan tayil.

Abin da ya fi komai amfani a gare ni shi ne wanda dattijon ya koya min ranar da ya gama gogewa. Ya ce kada in bari a buɗe gwangwanin fenti sai na duba, don bayan fenti babu sauran magana, kowa zai ce haka bangon yake. Ya jira magariba ta yi, ya kashe fitilar barandar, ya kwantar da tocila a jikin silin yadda hasken zai bi fuskarsa a kwance. Wurin da da rana na rantse sumul yake, sai ga inuwar wani ɗan tudu, ga sawun wuƙa guda biyu, ga wasu ƙananan ramuka kamar na allura. Ya zagaye kowanne da fensir, washegari ya bi su ɗaya bayan ɗaya. Aikinsa ne, ba wanda ya sa shi. Kai ma ka yi haka, da tocilar waya ma ya isa. Ka shafa tafin hannunka a kan haɗin ido a rufe, hannu yana jin abin da ido bai gani ba. Ka ɗora miƙaƙƙen katako ko ƙarfe mai tsawon kamar mita biyu a kan facin, ka ga ko yana lilo. Ka duba kan sukuru: ya ɗan nutse kaɗan ba tare da ya fasa takardar ba, wanda ya fasa ba ya riƙe komai, shi ne daga baya yake turo fenti ya fito kamar ƙurji. Bayan nan sai fentin ƙasa, wanda masu aikin ke kira firaima. Fila tana shan fenti fiye da takarda, in aka tsallake shi wurin facin zai dushe alhali gefensa na ƙyalli.

Ƙura kuma, kada ka raina ta. Garin da samfefa ke tayarwa laushinsa ya wuce misali, yana shiga cikin kabad da na'urori da ko'ina. Ku yi magana tun farko a rufe ƙofofi da leda, a kashe fanka da na'urar sanyaya ɗaki, mai gogewa ya sa abin rufe hanci, yara da mai asma su bar wurin. In gidan tsoho ne, ginin kafin shekarun 1980, a yi hattara da kankare tsohuwar fila ko silin mai gurza-gurza da tsohon fenti, don a wancan zamanin ana sa asbestos, wani ma'adini da ƙurarsa ke cutar da huhu, a wasu kayan shafe, ana kuma sa dalma, wadda ita ma guba ce, a fenti. Amurka sai a 1977 ta hana na farkon a filar faci, na biyun kuma a 1978 a fentin gidaje. A irin wannan gida a gwada kafin a goge a bushe. Kafin a yanka bango ko silin kuma a kashe wutar wannan ɓangaren, don waya tana bi ta bayan allo kuma wuƙa ba ta gani.

Ba ka faɗa ba ko sauran bangon gidan na bulo ne da filastar siminti. In akwai inda za a taɓa a can, lissafin ya sauya: sabuwar filasta tana son a riƙa yayyafa mata ruwa kamar sati guda, kuma a ba ta wajen sati huɗu kafin fenti, in ba haka ba farin gishiri zai riƙa fitowa yana tura fentin. Inda allo ya haɗu da bulo kuma kusan kullum sai ya tsage, don ba tare suke motsi ba. A nan abin toshewa mai laushi ake sawa, ba fila mai tauri ba.

In na ukun ya buɗe silin, ka ɗauki hoton cikin kafin a rufe, da bututun da wayoyin da inda firam yake bi. Ka turo mana mu gani, musamman bayan guntun da ya yanko.